Yadda Ake Tantance Babbar Lambar Firam da Gano Gidan da Ta Fito

Lambar firam ita ce lambar da ta haura 1, kuma babu abin da ke raba ta daidai ba saura sai 1 da ita kanta: 2, 3, 5, 7, 11, 13, haka dai. Ƙananan kowa na iya haddace su. Aiki na farawa ne ranar da aka miƙo maka lamba mai alƙaluma biyar, ko ashirin, ko ɗari uku, aka ce maka: wannan firam ce? In kuwa firam ce, wace iri ce?

Abu ɗaya nake so ka riƙe tun daga nan, domin duk matakan da ke tafe a kansa suka ginu. Idan lamba ta faɗi gwaji ko da sau ɗaya ne, magana ta ƙare, ba firam ba ce. Idan kuwa ta ci gwaji, sai ka tambayi kanka wane irin gwaji ta ci, saboda wasu gwaje-gwajen hujja ne, wasu kuma alama ce kawai. Mafi yawan kurakuran da nake gani wurin masu koyo daga cakuɗa waɗannan biyun suke fitowa.

Za mu yi aiki da 10007. Ta isa girman da ido ba zai iya yanke hukunci a kanta ba, amma hannu zai iya gamawa da ita a zama ɗaya.

Kayan aiki

Takarda mai layi da fensir. Ka ja ginshiƙai uku: mai rabawa, sakamako, saura.

Kalkuleta. Ka san iyakar taka: yawancin na hannu alƙaluma 10 zuwa 12 suke nunawa, abin da ya wuce nan sai su dunƙule shi.

Jerin ƙananan lambobin firam. Akwai 25 ƙasa da 100, akwai 168 ƙasa da 1000. Jerin da ya kai 1000 ya ishe ka gwada kowace lamba da ba ta kai miliyan ɗaya ba. In ba ka da jerin, ka haɗa shi da kanka da hanyar da ake kira rariyar Eratosthenes: rubuta 2 zuwa 100, ka bar 2 ka soke duk ninkinta, ka bar 3 ka soke ninkinta, haka 5, haka 7. Abin da ya tsira shi ne jerinka. Ka ƙirga, in ba 25 ba ne to ka bar wata baƙuwa a ciki, kuma galibi 51 ce ko 57 ko 87 ko 91.

Kwamfuta ko waya mai Python, wato harshen rubuta wa kwamfuta umarni, don matakai na 4 zuwa 7. Wanda ke son zurfafawa ya sauke PARI/GP, manhaja ce ta kyauta da aka yi ta musamman don lissafin lambobi.

Gargaɗi tun kafin a fara: kada ka saka babbar lamba a Excel. Alƙaluma 15 kacal yake riƙewa, sauran ya mayar da su sifili ba tare da ya ce maka komai ba. Sai ka wuni kana gwada wata lamba dabam ba wadda aka ba ka ba.

Mataki na 1: Rubuta lambar, ka dube ta da kyau

Kwafe ta sau biyu, ka ƙirga alƙalumanta, ka kwatanta. Alƙalami ɗaya in ya sauya wuri, lambar ta zama wata.

Sannan ka duba ko tana da siffa ta musamman. Ƙara mata 1, ka ga ko ta zama ninkin 2 zalla, irin su 128 ko 8192. Cire mata 1, ka ga yadda abin da ya rage yake rarrabuwa. Wannan ɗan duban na iya rage maka aiki mai yawa, domin lambobi masu siffa suna da nasu gajerun hanyoyin. A wajen 10007, ƙarin 1 ya ba da 10008, babu wani abin lura. Cire 1 ya ba da 10006, wato 2 × 5003. Ajiye wannan a gefen takarda, za mu dawo kansa.

Idan an ba ka lambar a siffar 2^p − 1, wato a ninka 2 da kanta sau p sannan a cire 1, kana iya sanin yawan alƙalumanta ba tare da ka rubuta ta ba. Ninka p da 0.30103, ka watsar da abin da ke bayan ɗigo, ka ƙara 1. Ga 2^127 − 1: 127 × 0.30103 ya ba da 38.23, don haka alƙaluma 39 ne. Amma in p ta kai miliyoyi, 0.30103 ba ta isa ba. Ɗauki 2^136279841 − 1, wadda Luke Durant ya gano a watan Oktoba na 2024 ta hanyar GIMPS, shirin 'yan sa-kai masu neman irin waɗannan lambobi da kwamfutocinsu, wadda kuma ta zarce duk firam ɗin da aka sani kafin ta. Da 0.30103 za ka samu 41,024,321, alhali ainihin adadin 41,024,320 ne. Sai ka yi amfani da 0.30102999566 kafin lissafin ya fita daidai.

Mataki na 2: Gwajin ido

Duba alƙalamin ƙarshe. In 0, 2, 4, 6, 8 ne ko 5, an gama, ba firam ba ce. Tara alƙaluman, in jimlar ta rabu da 3, lambar ma ta rabu. Na 10007 sun ba da 8, ta wuce.

Ga 7, 11 da 13 akwai dabara guda mai ɗaukar ukun a lokaci ɗaya, domin 7 × 11 × 13 = 1001. Nemi ninkin 1001 mafi kusa da lambarka, ka ɗauki bambancin. Ninki goma na 1001 shi ne 10010, tsakaninsa da 10007 kuwa 3 ne kawai. Tunda 3 ba ta rabuwa da 7 ko 11 ko 13, ita ma 10007 ba ta rabuwa da su.

Kada ka tsaya nan ka ce ka gama. 10001 ma ta wuce duk waɗannan gwaje-gwajen, kuma a ido ta fi 10007 kama da firam, amma 73 × 137 ce.

Mataki na 3: Sa iyaka, ka raba ɗaya bayan ɗaya

Ba sai ka gwada duk lambobin da ke ƙasa da 10007 ba. Idan lamba ta rabu gida biyu, a × b, ba zai yiwu a da b duka su fi tushen murabba'inta girma ba, wato lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da ita, domin da haka ne da ninkinsu ya zarce lambar. Saboda haka ɗayansu dole yana ƙasa da tushen ko daidai da shi. Tushen murabba'in 10007 ya ɗan haura 100. Firam ta gaba bayan 97 ita ce 101, kuma 101 × 101 = 10201, ya wuce. Iyakarmu ke nan 97.

Firam kawai za ka gwada. In 3 ba ta raba ba, 9 da 21 da 33 ba za su raba ba.

Yadda ake fitar da saura da kalkuleta: raba, ɗauki cikakkiyar lambar da ke gaban ɗigo, ninka ta da mai rabawa, cire daga lambarka. Misali 10007 ÷ 17 ya ba da 588 da 'yan kai; 588 × 17 = 9996; saura 11. Ga yadda sauran suka fita:

7 saura 4. 11 saura 8. 13 saura 10. 17 saura 11. 19 saura 13. 23 saura 2. 29 saura 2. 31 saura 25. 37 saura 17. 41 saura 3. 43 saura 31. 47 saura 43. 53 saura 43. 59 saura 36. 61 saura 3. 67 saura 24. 71 saura 67. 73 saura 6. 79 saura 53. 83 saura 47. 89 saura 39. 97 saura 16.

Babu sifili ko ɗaya. 10007 firam ce, kuma wannan cikakkiyar hujja ce, ba ta buƙatar wani ƙarin tallafi.

Masu koyo da yawa suna kallon ɗigo kawai, in sun ga alƙaluma a bayansa su wuce ba su rubuta saura ba. Ina ba ka shawara ka rubuta. Na farko, saura ba ya taɓa kai girman mai rabawa, don haka in ka ga ya kai, ka san hannunka ya zame. Na biyu, wannan jadawalin zai yi maka aiki kyauta a kan maƙwabtan lambar. Kana son sanin halin 10009? Ƙara 2 a kan kowane saura, ka ga ko akwai wanda ya cika mai rabawarsa. A kan 7 ya zama 6, a kan 11 ya zama 10, a kan 13 ya zama 12, a kan 47 ya zama 45, a kan 71 ya zama 69. Sun yi kusa, amma babu wanda ya cika. Jimlar alƙalumanta 10 ce, ba ta rabuwa da 3. Ka samu firam ta biyu ba tare da ka sake raba komai ba.

Wannan hanya tana da iyaka. Lamba mai alƙaluma 20 tushenta na da alƙaluma 10, kuma lambobin firam da ke ƙasa da biliyan goma sun kai 455,052,511. Kwamfuta za ta iya daurewa ta gama wannan. Mai alƙaluma ɗari kuwa babu na'urar da za ta gama ta ta wannan hanya. Daga nan sai a sauya dabara.

Mataki na 4: Koyi lissafin saura

Duk gwaje-gwajen manyan lambobi suna tambaya iri ɗaya: idan aka ninka wata ƙaramar lamba da kanta sau da yawa, aka raba da lambarmu, me zai saura? Muna son sauran 2^10006 idan an raba da 10007. Ita 2^10006 tana da alƙaluma sama da dubu uku, amma ba ma buƙatar ganinta. Dokar ita ce: bayan kowane ninki, ka raba da 10007 ka riƙe saura kawai.

Fara da 2, ka riƙa ninka abin da ka samu da kansa: 2, 4, 16, 256, 65536. Wannan na ƙarshe shi ne 2^16, kuma ya wuce 10007, sai a rage shi: 65536 − 60042 = 5494. Ninka 5494 da kanta, ka samu 30,184,036, cire 3016 × 10007, wato 30,181,112, saura 2924. Wannan shi ne matsayin 2^32. Haka za ka ci gaba zuwa 2^64, 2^128, har 2^8192. Sannan ka lura cewa 10006 = 8192 + 1024 + 512 + 256 + 16 + 4 + 2, sai ka ninka saurarrakin waɗannan bakwai, kana ragewa a kowane taki. Ninki goma sha tara ke nan gaba ɗaya, maimakon dubu goma.

Ka yi shi da hannu sau ɗaya don ka ga yadda yake tafiya. Bayan haka ka bar wa Python: rubuta pow(2, 10006, 10007), amsa ta fito nan take. Lallai ka saka lambobin uku a cikin pow ɗin. In ka sa ta fara lissafa cikakken ninkin kafin ta raba, a kan lamba mai alƙaluma talatin na'urar za ta tsaya cik.

Mataki na 5: Gwajin Fermat

Pierre de Fermat, masanin lissafi na Faransa, ya faɗi wannan ƙa'ida a 1640: idan n firam ce, kuma a lamba ce da n ba ta raba ta, to a^(n−1) in an raba da n saura 1 ne. Don haka in ka gwada ka samu wani abu ba 1 ba, lambar haɗaɗɗiya ce, wato ba firam ba ce, tabbas. Ga 10007 amsar 1 ce, kamar yadda ake tsammani.

Ga tarkon. Ɗauki 341. Ka lura 2^10 = 1024, kuma 1024 = 3 × 341 + 1, saura 1. Tunda 340 goma ce sau 34, shi ma 2^340 saura 1 zai bari. Ta ci gwajin ke nan, alhali 341 = 11 × 31. In ka sauya a daga 2 zuwa 3 za ka kama ta. Sai dai akwai waɗanda suka fi ta wayo, lambobin Carmichael, irin su 561, 1105 da 1729. Ita 561, wadda take 3 × 11 × 17, tana cin gwajin da kowace a da ba su yi tarayya da ita a mai rabawa ba. A 1994 Alford da Granville da Pomerance suka tabbatar cewa irin waɗannan lambobi ba su da iyaka. Saboda haka gwajin Fermat na korar marasa cancanta ne da sauri. Kada ka rubuta "firam" a kan shaidarsa kaɗai.

Mataki na 6: Gwajin Miller da Rabin

Wannan shi ne gwajin da ake aiki da shi kullum, kuma gyara ne kaɗan a kan na Fermat. Gary Miller ya kawo shi a 1976, Michael Rabin ya ba shi siffar da ake amfani da ita a 1980. Tushensa: idan n firam ce, lambobi biyu ne kawai za a ninka da kansu su bar saura 1, su ne 1 da n − 1. In ka ga wata ta uku ta yi haka, asirin lambar ya tonu.

Ga yadda ake yi. Riƙa raba n − 1 da 2 har sai ka kai lambar da ba ta rabuwa biyu, ka kira ta d. Lissafa sauran a^d. In ya fito 1 ko n − 1, ta ci wannan zagayen. In ba haka ba, ka ninka shi da kansa ka rage, kana neman n − 1, amma ka tsaya kafin lambar sama, wato d da ke ruɓanya a kowane taki (d, 2d, 4d), ta kai n − 1 ɗin kanta. In n − 1 bai bayyana ba, lambar haɗaɗɗiya ce.

Mu koma kan 341. 340 = 2 × 2 × 85, don haka d ita ce 85. Tunda kowane 2^10 saura 1 yake bari, 2^85 daidai yake da 2^5, wato 32. Ba 1 ba ne, ba 340 ba ne. Ninka 32 da kanta: 1024, saura 1. Mun isa 1 ba tare da mun bi ta 340 ba. An kama ta. Har ma da kyauta a ciki: cire 1 daga 32 ka samu 31, ƙara 1 ka samu 33 mai ɗauke da 11. Masu raba ta ne suka fito da kansu. Wannan ɗan misali yana cikin abubuwan da na fi so in nuna wa mai koyo, domin a nan ne yake ganin dalilin gwajin da idonsa.

Ga 10007, d ita ce 5003, kuma pow(2, 5003, 10007) ya ba da 1. Ta ci.

Zagaye ɗaya bai isa ba: 2047, wadda take 23 × 89, tana tsallake shi da a = 2. Amma haɗaɗɗiyar lamba ba za ta iya yaudarar fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na zaɓin a ba, don haka kowane sabon zagaye da a ta kan mai uwa da wabi yana ƙara matse ta. Ga lambobin da ba su yi girma sosai ba, an riga an bincika iyakoki: in lamba ƙasa da 3,215,031,751 ta ci gwajin da 2, 3, 5 da 7, firam ce tabbas. In tana ƙasa da 2^64, firam goma sha biyu na farko, daga 2 zuwa 37, sun wadatar. Abin da ya wuce irin waɗannan iyakokin, rubuta "mai yiwuwa firam ce" har sai ka yi mataki na gaba.

Mataki na 7: Kawo hujja

Hanya ta farko tana amfani da abin da ka ajiye a mataki na 1. Ƙa'idar Pocklington ta 1914 ta ce: idan n − 1 = q × R, q firam ce da ta fi tushen murabba'in n, kuma akwai a da ta ci gwajin Fermat, sannan a^R − 1 ba ta yi tarayya da n a wani mai rabawa ba, to n firam ce. A wajenmu q = 5003, R = 2, a = 2. Sai a^R − 1 ya zama 3, kuma 3 ba ta raba 10007. Abin da ya rage shi ne tabbatar da 5003, wadda iyakarta 67 ce tunda 71 × 71 = 5041. Gwada, babu mai raba ta. Hujja ta biyu ta kammala. Amfanin wannan hanya shi ne tana mayar da babbar tambaya ƙarama, ita ma ƙaramar a sake mayar da ita ƙasa, har a sauko inda hannu zai iya.

Hanya ta biyu ta lambobin Mersenne ce, masu siffar 2^p − 1. Da farko p dole ta zama firam, amma hakan bai wadatar ba: 11 firam ce, 2^11 − 1 kuwa ita ce 2047 ɗin nan. Gwajin Lucas da Lehmer shi ke yanke hukunci. Fara da 4. Ninka ta da kanta, cire 2, riƙe saura. Maimaita sau p − 2. In ka ƙare da sifili firam ce, in ba haka ba haɗaɗɗiya ce, babu "mai yiwuwa" a ciki. Gwada da p = 7, wato 127: 4, sai 14, sai 194 da ta ragu zuwa 67, sai 42, sai 111, sai 111 × 111 − 2 = 12319, wanda yake 97 × 127 cif. Sifili a taki na biyar. Kuskuren da aka fi yi shi ne ƙirga 4 ta farko a matsayin taki. Ba ta cikin ƙirga. Da wani nau'in wannan gwaji Édouard Lucas ya tabbatar da 2^127 − 1 a 1876, da hannu. Sauƙin gwajin ne ya sa manyan firam da ake kafa tarihi da su kusan kullum na Mersenne ne.

In lambarka ba ta da siffa kuma n − 1 ta ƙi rarrabuwa, PARI/GP ce mafita. Umarnin ispseudoprime yana ba da amsa da sauri amma alama ce. Isprime yana ɗaukar lokaci amma hujja yake bayarwa. Ka san wanne ka danna. Za ka kuma ji labarin gwajin AKS da Agrawal da Kayal da Saxena suka fitar a Kanpur ta Indiya a 2002. Babban ci gaba ne a fannin nazari, amma a aikace yana da nawa, ba shi ake ɗauka ba.

Mataki na 8: Gano gidanta

Yanzu da ta tabbata firam ce, sai rarrabawa. Fara da halayen da ke jikin lambar kanta.

Raba ta da 4. Duk firam ban da 2 saura 1 take bari ko 3. Mai saura 1 ana iya rubuta ta a matsayin jimlar murabba'i biyu, wato lambobi biyu kowacce an ninka ta da kanta, kuma ta hanya ɗaya tak. Mai saura 3 ba za a taɓa iyawa ba. Fermat ya faɗi haka, Leonhard Euler ya kawo hujjar. 10007 saura 3 ta bari, don haka kada ka ɓata lokaci kana nema. Irinta ake kira firam ta Gauss. Maƙwabciyarta 10009 saura 1 ta bari, kuma ga shi: 100 × 100 + 3 × 3. Don nemo irin wannan, riƙa cire murabba'ai daga mafi girma zuwa ƙasa har abin da ya rage shi ma ya zama murabba'i.

Raba ta da 6. Saura 1 ne ko 5, babu na uku ga firam da ta wuce 3. 10007 ta bar 5. Wannan na gaya maka wajen da za ka nemi tagwai: mai saura 5 sai dai a samanta, domin in ka cire mata 2 za ka faɗa kan ninkin 3.

Duba maƙwabta. Firam biyu da 2 ke tsakaninsu tagwaye ne, kuma 10007 da 10009 haka suke. Ta ƙasa kuwa sai ka sauka har 9973, tazarar 34. Har yau ba a tabbatar ko tagwaye ba su da iyaka ba. A 2013 Yitang Zhang ya nuna cewa akwai firam bibbiyu marasa iyaka da tazararsu ba ta kai miliyan 70 ba, daga baya wasu suka sauko da adadin zuwa 246.

Duba rabi da ninki. In ka cire 1 ka raba biyu ka samu firam, lambarka amintacciyar firam ce, ita kuma ƙaramar ana kiranta firam ta Sophie Germain. 10007 amintacciya ce saboda 5003. Ita kanta ba ta Sophie Germain ba ce, domin 2 × 10007 + 1 = 20015, mai ƙarewa da 5. Mutane na yawan juya sunayen nan biyu, ka kula: ƙaramar ce ke ɗauke da sunan Sophie Germain. Amintattun firam suna da daraja a fasahar ɓoye saƙo, musamman wajen musayar mabuɗi ta hanyar Diffie da Hellman.

Duba siffa. In ƙarin 1 ya ba da ninkin 2 zalla, ta Mersenne ce, kamar 8191 ko 2,147,483,647 da Euler ya tabbatar a 1772. Kowace irin wannan tana haifar da kammalalliyar lamba, wadda jimlar masu raba ta, ban da ita kanta, ke daidai da ita: 127 × 64 = 8128. In cire 1 ne ya ba da ninkin 2 zalla, ta Fermat ce, kuma biyar kawai aka sani: 3, 5, 17, 257 da 65537. Fermat ya zaci ta gaba ma firam ce, sai Euler ya nuna a 1732 cewa 4,294,967,297 = 641 × 6,700,417. 10007 ba ta cikin gidajen nan biyu.

Matsayinta a jeri: akwai firam 1229 ƙasa da 10,000, don haka 10007 ita ce ta 1230, kuma ita ce ta farko mai alƙaluma biyar.

Sai halayen da suka dogara da yadda muke rubuta lamba da alƙaluma goma. Juya 10007 ta baya ka samu 70001, ita ma firam ce. Wasu kuma ko ta ina ka karanta su ɗaya ne, kamar 10301. Irin waɗannan in yawan alƙalumansu na rabuwa biyu to 11 na raba su, don haka ba firam ba ne, ban da 11 kanta. Raba 1 da 10007, alƙaluman bayan ɗigo ba za su fara maimaituwa ba sai bayan 10006, mafi tsawon da zai yiwu. Waɗannan suna da daɗin kallo, kuma ina rubuta su, amma a ginshiƙi dabam. In aka rubuta lambar da tsarin sifili da ɗaya na kwamfuta, za su iya ɓacewa, alhali kasancewarta tagwai ko amintacciya yana nan daram ko da wane tsari aka rubuta ta.

Idan za ka rubuta sakamako, ka saka hanyar da ka bi kusa da kowace magana. 70001 da 20015 da 5003 kowacce tambaya ce mai zaman kanta, kuma kowacce sai ta bi matakan nan tun daga farko kafin ka jingina hukunci a kanta.

Mataki na 9: Idan lambar ta faɗi

Gwajin Fermat da na Miller da Rabin suna iya gaya maka lamba haɗaɗɗiya ce ba tare da sun nuna maka masu raba ta ba. Nemo su wani aiki ne dabam, kuma ya fi wuya nesa ba kusa ba. A kan wannan wahalar tsarin ɓoye saƙo na RSA ya dogara. Lucas ya san 2^67 − 1 haɗaɗɗiya ce tun 1876, amma sai a 1903 Frank Nelson Cole ya fito da masu raba ta: 193,707,721 × 761,838,257,287.

Ga lambar Mersenne, kada ka gwada kowace firam. In p firam ce da ta haura 2, duk mai raba 2^p − 1 yana da siffar 2kp + 1, inda k cikakkiyar lamba ce, don haka ga p = 11 za ka gwada 23, 67, 89 ne kawai, kuma na farkon ya raba.

Ga sauran lambobi, in kana zaton masu rabawar suna kusa da juna, gwada hanyar bambancin murabba'ai. Ɗauki 10001. Fara daga lambar da murabba'inta ya fara wuce ta, wato 101, kana cire 10001 daga kowane murabba'i: 101 ta bar 200, 102 ta bar 403, 103 ta bar 608, 104 ta bar 815, 105 ta bar 1024. Wannan na ƙarshe 32 × 32 ne. Sai ka cire ka kuma ƙara: 105 − 32 = 73, 105 + 32 = 137. Taki biyar, maimakon rabawa sau ashirin da ɗaya kafin ka iso 73. In ka yi taki ashirin ko talatin babu murabba'in da ya fito, masu rabawar sun yi nisa da juna ke nan. Koma kan rabawa daga ƙasa, ko ka miƙa wa PARI/GP da umarnin factor.